Furen kabewa abinci ne, amma ka san wanda za ka tsinka

Yau zan ɗan fita daga keji da kwami, amma ba nisa. Duk mai kiwon tarwaɗa yana zubar da ruwa, mai kaji kuma kashinsu na taruwa masa. Idan kana da ɗan fili a gefe, waɗannan biyun sun isa su riƙe maka lambu, kuma a cikin abin da lambun zai ba ka akwai wanda yawancinmu muke bari ya bushe a banza, wato fure.

Cin fure ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Zoɓon da muke sha, kofin da ke riƙe furen ne yake kumbura ya yi ja bayan furen ya faɗi. Amma wanda nake so mu tsaya a kai shi ne na kabewa. A Italiya ana tsoma shi a ƙullun fulawa a soya, a Meziko kuma ana sa shi a miya.

Kabewa tana fitar da fure iri biyu a jikin yaɗo ɗaya, namiji da mace. Namijin yana kan siririn tsinke mai tsawo, shi ne yake fara fitowa, kuma ya fi yawa. Macen idan ka duba ƙasanta za ka ga ɗan ƙullutu kamar ƙaramar kabewa. To wannan ƙullutun shi ne kuɗinka, kada ka taɓa. Namijin za ka tsinka, shi ma ba duka ba. Ka bar kaɗan a kowane yaɗo, domin daga gare su ƙudan zuma ke ɗaukar garin da zai kai wa macen. Idan ka kwashe su kaf, ƙullutun zai yi rawaya ya zube, ka zauna kana zargin iri.

Furen da sassafe yake buɗewa, kafin azahar ya rufe, kuma ba ya sake buɗewa. Ni na fi son a tsinka da hantsi, lokacin da zuma ta riga ta yi zagayenta. Ka leƙa ciki tukuna, wani lokaci tana nan. Cire ɗan sandan tsakiya, ka ɗauraye a hankali, a dafa a ranar don ba ya kwana. Mafi sauƙi shi ne a yayyanka shi da albasa da attaruhu a soya da ƙwai. Ga amfanin ƙwan nan masu ɗan tsagu da ba sa shiga kiret, sai dai su zama na ranar kuma su soyu sosai. Furen zogale ma haka ake yi masa.

Sai maganar taki, wadda ta fi komai muhimmanci a nan. Ɗanyen kashin kaji yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, ga shi kabewa a ƙasa take yaɗo. A Amurka, dokar noman da ba a sa sinadari ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa. Kai dai ka tara shi ya ruɓe sosai kafin shuka. Kuma kada ka cika hannu, taki in ya yi yawa ganye za ka samu, fure ya yi ƙaranci.

Ruwan kwami a gindi ake zuba shi, ba a kan fure ba. Ranar da ka sa wa kifi gishiri ko magani, wannan ruwan kada ya je lambu. Haka in ka yi feshin ƙwari, ka jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar su cika.

Kuma ba kowane fure ake ci ba. Zaƙami yana da farin fure mai kyau kamar kakaki, amma guba ne, kuma yana fitowa da kansa a bola da gefen gona. In ka gan shi kusa da lambu ka tumɓuke shi, musamman idan yara ne za ka riƙa aika su tsinko maka.