BATIR RUMBU NE: DARASI KAN WUTAR RANA A GIDA DA MASALLACI

 

Ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wutar rana, wadda jama'a ke kira sola. Babu wanda ya manta da watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa ƙasarmu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin da NIGELEC ke rabawa daga can yake fitowa. Yamai da Maraɗi da Damagaram sun sha kwana cikin duhu, kuma ba a maido da layin ba sai a watan Maris na 2024. Tun daga nan mutane suka raja'a ga farantan sola. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a Nijar, domin marigayi Farfesa Abdou Moumouni, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ja ragamar hukumar ONERSOL mai binciken hasken rana tun 1969. An buɗe tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, ta Gorou Banda mai megawat 30 kuma a 2023. Amma mu yau maganar gida da masallacin unguwa za mu yi.

Za mu fara da kuskurenmu. A masallacinmu an taɓa tara taimako, muka sayi faranti biyu da batir na babbar mota, domin shi ne mai araha. Muka ɗora masa lasifika da fanka shida da fitilu. Kafin azumi ya zagayo, batir ɗin ba ya kai mu ko raka'a huɗu na tarawihi. Muka zargi mai shago, alhali laifin namu ne: kuɗin jama'a amana ne, mu kuwa muka kashe su ba tare da lissafi ba. Batir na mota an yi shi ne don ya ba da ƙarfi mai yawa cikin daƙiƙa kaɗan ya tada inji, ba don a tatse shi dare bayan dare ba.

Kayan sola huɗu ne. Akwai faranti mai karɓar haske, da na'urar daidaita caji wadda ke tsare batir kada ya cika fiye da kima ko ya ƙare ƙurmus, da batir ɗin kansa, sannan da na'urar da ke juya bolt 12 na batir ya koma bolt 220 irin na NIGELEC. Mafi yawan masu saye idonsu yana kan faranti, saboda shi ake gani bisa rufi. Alal haƙiƙa faranti mai kyau yana iya wuce shekara 20 yana aiki. Wanda ke mutuwa da wuri, ya kuma cinye kuɗi, shi ne batir.

Ku ɗauki faranti a matsayin gona, batir kuwa rumbu. Magidanci mai hankali ba ya share rumbunsa har ƙasa. Haka batir na darma, wanda shi ne ya fi yawa a kasuwanninmu: ƙa'idarsa kada a ci fiye da rabin abin da ke cikinsa kafin a sake cika shi. Duk daren da aka kwashe shi ƙaf, an rage masa kwana.

Ga yadda lissafin yake, kuma ɗan makarantar firamare ma zai iya yin sa. Kowane abu mai cin wuta an rubuta masa wat ɗinsa a jiki. Ka ninka wat ɗin da yawan awoyin da yake aiki. Ƙwan fitila 4 masu wat 10, awa 5, sun ci 200. Fanka mai wat 50, awa 6, ta ci 300. Cajin wayoyin gida, mu ce 50. Jimilla 550. To batir mai bolt 12 da amfa 100, idan ka ninka, yana ɗauke da 1200, rabinsa 600. Ka ga ya ishi wannan gida, amma da ƙyar. Idan aka ƙara talabijin mai wat 60 na awa 3, an ƙara 180, an shiga cikin rabin da aka hana. Dutsen guga na lantarki kuwa yakan ci wat 1000, rabin awa kawai ya kusa share rabon daren nan gaba ɗaya. Saboda haka, uwargida, a koma ga dutsen gawayi. Kuma ya kamata maigida ya zauna da iyalinsa ya yi musu wannan bayani da kyau, tun da su ne ke wuni tare da kayan.

Daga nan sai a auna gonar da rumbun. A ƙasarmu ana iya lissafa wajen awa 5 na cikakkiyar rana kowace rana. Faranti mai wat 150 zai ba da 750 a takarda, amma wajen rubu'i yana salwanta cikin waya da zafi da ƙura, don haka mai wat 200 ya fi kwanciyar hankali. A fuskantar da shi kudu, a ɗan jingine shi kamar digiri 15, nesa da inuwar bedi ko katanga, domin inuwa a kan ɓangare kaɗan tana rage aikin farantin duka. Lokacin hunturu da buji a riƙa goge shi da tsumma mai laushi da sassafe, tun bai yi zafi ba.

Wani abin da mutane ke mamaki shi ne, haske faranti yake so, zafi kuwa cutar da shi yake. Duk digiri ɗaya da ya hau sama da 25, ƙarfinsa yana raguwa da kusan rabin kashi ɗaya cikin 100, shi ya sa ake barin sarari tsakaninsa da kwanon rufi don iska ta ratsa. Batir ya fi shi wahala: ƙarin digiri 10 na zafi yana iya rage rayuwar batir na darma da rabi. Ku tuna ɗakunanmu na kwano a watan Afrilu da Mayu. A ajiye shi inuwa, inda iska ke shiga, ba ɗakin kwanan yara ba, kuma nesa da murhu da taba, domin mai ruwa yana fitar da iskar da ke kama wuta lokacin caji. Idan ruwansa ya ragu, ruwan batir tatacce ake zubawa, ba na rijiya ko na famfo ba. Wanda Allah ya hore wa, batir na litiyom ya fi jure tatsa, ana iya cin kashi 80 cikin 100 nasa, kuma ya fi daɗewa, sai dai tsada. Wajen sayen na darma ku ɗaga shi ku ji: mai amfa 100 na gaskiya yana kusan kilo 30. Idan kuka ji shi sakayau, rubutun jikinsa ba abin dogara ba ne.

Akwai mas'ala wadda ta wuce asarar dukiya, ta kai ga rai. Wasu suna haɗa wutar batir da wayoyin gida kai tsaye, ba tare da makunnin da ke raba ta da layin NIGELEC ba. Idan kuran ya ɗauke, wutarsu tana komawa cikin layin unguwa. Ma'aikacin da ya hau fal yana gyara, yana zaton layin a mace yake, sai ta kama shi. Wannan aiki a ba gwani, ko da ladarsa ta fi ta ɗan koyo, kuma ku tsaya ya nuna muku makunnin rabawar da idonku.

Haka nan mataccen batir. Cikinsa darma ce da ruwan asid, kuma darma guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yaro. A Thiaroye, kusa da Dakar ta Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, a unguwar da ake fasa tsofaffin batura ana narka darmarsu. Kada a fasa shi a tsakar gida, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko inda awaki ke kiwo, kada a bar yara su yi wasa da shi. A ajiye shi tsaye a rufe, a mai da shi ga mai sayar da batura lokacin sayen sabo.