Bambancin "wash" da "clean"

'Yan'uwa ɗalibai, a filin Turanci na wannan mako za mu duba kalmomi biyu da ake yawan cakuɗawa, wato "wash" da "clean". Duk suna magana a kan tsabta, amma ba ma'anarsu ɗaya ba.

"Wash" tana nufin wankewa da ruwa, yawanci har da sabulu. Mu a Hausa muna da wanki, muna da wanke-wanke, muna da wanke hannu. Bature kuwa kalma ɗaya yake sa wa duka: "wash the clothes", "wash the plates", "wash your hands".

Ita kuma "clean" ta fi faɗi. Tana nufin kawar da datti ta kowace hanya, ko shara, ko gogewa, ko kakkaɓe ƙura, ko ma wankewar. Saboda haka idan malam ya ce "clean the classroom", tsintsiya za mu fara nema, ba bokiti ba.

Mu ɗauki allo misali. Allon ajinmu da dasta ake goge shi, don haka sai mu ce "clean the board". Amma allon katako da ake rubutu da tawada, ruwa ake zuba masa, shi ne "wash". Haka littafin da ya yi ƙura, "clean" za a ce. Wanda ya yi masa "wash" ya rasa littafinsa.

Akwai wani bambancin. "Clean" tana iya zama sifa, kamar "a clean uniform", wato yunifom mai tsabta. Ba a cewa "a wash uniform". Masu shirin jarrabawar BECE su kula, domin a tambayar cike gurbi nan ake asarar maki.

Sannan abin ya shafi lafiyarmu. Idan muka ga an rubuta "wash your hands" kusa da banɗaki, ba goge hannu a jikin riga ake nufi ba. Ruwa da sabulu ake nufi, na kamar daƙiƙa 20, don kare kai daga cututtuka irin su kwalara.

Ga aikin mako. Wace kalma ta dace a nan?

1. Please ______ the dust off the radio.
2. We ______ our socks with soap and water.
3. Her desk is always ______.

A miƙa amsa ga wakilin kulob na ajinku kafin Juma'a.