Yadda Ake Neman Kayan Fijo 504 da Manhajar AI Ba Tare da Asarar Kuɗi Ba

Yanzu da ka ce kana neman kayan tsohuwar mota, sai wani ya ce maka, "Tambayi ChatGPT mana, zai ba ka lambar kayan." Mai wannan shawara bai taɓa jiran gasket wata guda daga Turai ba, ya iso ya ƙi zama a kan inji. Manhajojin hirar nan, ChatGPT da Gemini da Claude da Meta AI na cikin WhatsApp, suna da ranarsu, ni ma ina aiki da su. Amma akwai abin da suka iya, akwai kuma wanda suke ƙagowa ba ko gezau. Zan yi bayani da Fijo 504, don tsohuwa ce da mutanenmu suka sani sosai, kuma hanyar ɗaya ce ko Marsandi gare ka.

Da farko, kafin ka taɓa waya, buɗe bonet. Kwafe lambar shasi da lambar inji, ka ɗauki hoton ƙaramin farantin ƙarfen da kamfani ya maƙala.

Na biyu, ka san wace 504 ce a gabanka, don nan ne yawancin mutane ke faɗawa rami. Motar ta fito a Faransa a 1968, aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, aka ci gaba da yin 504 a nan shekaru da dama bayan Turai ta daina. An yi ta a Kenya, an yi ta a Ajantina. Suna ɗaya, kaya daban-daban. Injin fetur kaɗai akwai mai 1796cc da ake kira XM, akwai mai 1971cc da ake kira XN. Faɗin silindar na farko milimita 84 ne, na biyu 88, ke nan fistin da ringi da gasket ɗin saman inji ba za su yi musaya ba. Ƙafar bayan salun daban take da ta wagon da ta akori-kura. Ga kuma batun sitiyari: mafi yawan rubutun Turanci kan wannan mota daga Ingila da Ostireliya da Amurka ya fito. Biyun farko sitiyarin dama suke, ta Amurka kuwa fitilunta da kayan hayaƙinta daban ne. Daga irin wannan rubutu manhajar ta yi koyo, saboda haka in ba ka faɗa mata ba, motar wasu za ta siffanta maka.

Kada kuma ka amince da takardar mota a kan batun inji. Motar da ta yi shekara talatin ko arba'in tana zirga-zirga tsakanin Kano da Maiduguri, da wuya injinta na asali ne a ciki. Sau da yawa an sauke shi an ɗora na 505. Abin da ke jikin ƙarfen shi ne gaskiya. Haka nan lambar shasi mai harufa da lambobi 17 sai daga 1981 ta zama ƙa'ida, don haka in motarka ta girmi haka, manhajar da ta ce ta "karanta" lambarka ta gano komai, shaci-faɗi take yi.

Na uku, yi tambaya cikakkiya. Faɗi shekara, irin jiki, irin inji, sitiyarin hagu, harhaɗar Kaduna ko shigowar waje, kafireta Solex ce ko wata. Tura hoton tsohon kayan. Ka ce mata ta tambaye ka abin da ya rage kafin ta ba da amsa.

Inda take burge ni shi ne tafinta. Ainihin kasuwar kayan 504 da Faransanci take ci, kuma manhajar za ta gaya maka cewa gasket ɗin saman inji shi ne joint de culasse, ta rubuta maka wasiƙa mai kyau zuwa ga mai shago a Faransa, ta fassara amsarsa. Tana kuma iya bayyana maka aikin abu, da abin da ya kamata a canja tare da shi tunda an riga an kwance wurin.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin wannan rubutu: kada ka sayi komai da lambar da manhaja ta ba ka. Ba kundin kamfani take buɗewa ba, tana jera abin da ya yi kama da amsa ne. Lambobin kayan Fijo na da suna da siffa sananniya, lamba huɗu, ɗigo, sai biyu, kuma ta san siffar sarai. Za ta ƙera maka lamba tsaf a wannan siffa wadda ko dai babu ita a duniya, ko ta kayan 205 ce. Ka ce mata, "Kin tabbata?" sai ta ba ka haƙuri ta kawo wata, ita ma da cikakken ƙarfin hali. Masu cewa a tambayi manhaja biyu, in sun yi daidai shi ke nan, ba su yi tunani ba: duka biyun suna iya kwasowa daga kuskure guda da wani ya rubuta a intanet.

Lamba wuri uku take tabbata. A jikin tsohon kayan, in ka wanke shi da fetur ka goge da buroshin waya. Bosch da Valeo da Bendix da Solex suna buga tasu a jiki. Ko a kundin kaya na Fijo, wanda ake samun kwafinsa wurin ƙungiyoyin masu tsofaffin Fijo. Ko wurin dillalin da sana'arsa ke nan, irin Serie04 a Faransa da Der Franzose a Jamus. Littafin gyara na Haynes ko na Revue Technique ya fi manhaja a kan ma'auni, musamman ƙarfin ɗaurin notin saman inji. Injin nan mai hannun silinda ne da ake zarewa, ba a yi masa ɗaurin kintace.

Na biyar, auna. Sayi ma'aunin baniya, kuɗinsa bai kai na galan ɗin baƙin mai ba. Ƙirga haƙoran faifan kuloci, auna faɗinsa, ka sa mai sayarwa ya turo hoton nasa da ma'auni a kai. Wanda ya ƙi, ka bar masa kayansa.

Adireshin shago da farashi da lambar waya da manhaja ta kawo, ka ɗauke su a matsayin jita-jita har sai ka buɗe shafin da kanka. Wasu shagunan sun daɗe da rufewa, wasu ba a taɓa buɗe su ba. A kayan birki da sitiyari kuwa ba na sauraron "wannan ma zai yi" daga bakin kowa, mutum ne ko manhaja.

Kafin ka biya kuɗin jirgi da na kwastan, waɗanda kan ninka kuɗin kayan, saka tsohon a buhu ka shiga Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ko ka aika Ladipo a Legas. Abin da masu tara tsofaffin motoci a Turai ke nema ruwa a jallo, sau da yawa yana can a ƙasan kanta ya yi ƙura. Nemi dattijon da ya fi kowa daɗewa a layin Fijo, ka miƙa masa kayan a hannu, ka ce, "Baba, irin wannan nake nema."