Tabo a Jikin Tsohon Kwabo: A Duba Kafin a Goge

Wanda ya ga tabo a jikin tsohon kwabo mai huji ya dakata da toka da lemon tsami. Gogewa na barin siraran ƙarce masu bin hanya ɗaya, dillalai kuma suna ganinsu, su karya farashi.

Koren tabo iri biyu ne. Idan yana da danƙo, galibi ledar PVC mai laushi da aka adana kuɗin a ciki ce ta jawo shi, kuma sinadarin asiton na wanke shi. Idan kuwa gari ne mai dawowa bayan an kakkaɓe, gishiri da laima ne ke cin tagullar. Wannan ya fi muni, don rami yake bari. Kwabon Afirka ta Yamma da aka buga da tagulla daga 1952 na iya kamuwa da shi, musamman wanda ya daɗe a ƙasa.

Wani lokacin ƙarfen ne da laifi: aninin alminiyam na 1907 saurin zagwanyewa ya yi, har aka sauya shi a 1908.

Layin da ya taso sama kuwa, yawanci tsagewar hatimin bugawa ce tun daga masana'anta, wasu masu tarawa ma nemansa suke yi.