Damuwa da Garkuwar Jiki

Jama'a, a birnin Zazzau ba wanda bai san zazzaɓin cizon sauro ba: jiki ya mutu, abinci ya fita kai, mutum ya yi ta barci. To ku sani, yawancin wannan kasala garkuwar jikinku ce ke jawo ta. Idan ƙwayoyin garkuwa suka yi arba da cuta, sai su saki wasu sinadarai da likitoci ke kira saitokin, irin su IL-1 da IL-6 da TNF. Su ne ke kai wa ƙwaƙwalwa labari, ta jini da kuma ta wata doguwar jijiya mai suna bagus, kamar yadda mai tsaron Ƙofar Doka zai tura ɗan aike fada. Ƙwaƙwalwa sai ta ɗaga zafin jiki, ta kwantar da mutum.

Tana kuma mayar da amsa. Takan sa wasu 'yan halittu biyu da ke bisa ƙoda su saki sinadarin kotisol, shi kuwa ya tsawata wa saitokin kada su wuce gona da iri. Hugo Besedovsky da abokan aikinsa sun nuna haka a 1986.

Damuwa ma wannan hanya take bi. Firgitar yini guda ba ta cika yin lahani ba. Amma idan bashi ko jinya suka ɗauki wata da watanni, sai ƙwayoyin garkuwa su daina jin tsawar kotisol, aiki ya rikice. A 1995, a jihar Ohayo ta Amurka, Janice Kiecolt-Glaser ta yi wa mata 13 masu jinyar dangi masu gigin tsufa ɗan ƙaramin rauni a hannu. Nasu ya ɗara na wasu matan da ba sa jinya, waɗanda aka yi wa irin raunin, da wajen kwana 9 kafin ya warke.

Ku duba manyan gidajenmu na Kwarbai da Anguwar Juma. Gida cike da mutane, amma jinyar tsohuwa tana wuyan mace ɗaya, matar ɗa ko 'yar auta. Mu leƙo mu ce "sannu, sai haƙuri", mu wuce. Haƙuri ibada ne, amma ba ya maye gurbin barci. A raba kwanan jinya tsakanin dangi. Idan mai jinya ta fara yawan mura, ko miki ya ƙi warkewa, ko barci ya ƙaurace mata, a kai ta Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko asibitin koyarwa na Shika, a duba ta ita ma.