Kafin Bishop Ya Ɗora Maka Hannu

'Ya'yana masu hidima a bagade, da ku da kuka kusa gama sakandare kuna tunanin neman shiga seminari, ku matso mu yi magana. Na san abin da ke ɗaukar idon yaro ranar naɗin firist: ankon Zumuntar Mata, kiɗan tulu, guɗa, da tsofaffi na layi suna durƙusa wa saurayi don karɓar albarkarsa ta farko. Sha'awar wannan ba laifi ba ce, manyan Fada da yawa daga nan zuciyarsu ta fara motsi. Amma in an sake yin naɗi a katidiral ɗinku, ku sami wuri a gaba, ku lura da abin da ake yi kafin a fara shagali.

Da farko ana kiran mutum da sunansa, ya amsa, ya fito. Sai Bishop ya tambaya a gaban jama'a ko an tabbatar ya cancanta, a ba shi amsa cewa an bincika wurin mutanen da suka san shi. Wato matar da ke sayar maka da ƙosai da katikis ɗin ƙauyenku suna da ta cewa a kanka. Bayan haka mai neman naɗi zai durƙusa, ya haɗa tafin hannuwansa ya sa su cikin hannuwan Bishop, ya yi alkawarin girmamawa da biyayya gare shi da waɗanda za su gaje shi. Ku riƙe wannan na ƙarshen da kyau. Bishop ɗin da ya san ka tun kana yaro zai yi ritaya yana shekara 75, wani ya zo wanda ba ku taɓa gaisawa ba, alkawarin kuwa yana nan daram.

Sai a kwanta rub da ciki, goshi a ƙasa, jama'a na kiran sunayen tsarkaka ɗaya bayan ɗaya. Na sha ganin iyaye mata suna kawar da kai a wannan lokaci, domin kwanciyar tana kama da ta wanda aka riga aka sallama. Daga nan cocin ya yi tsit. Bishop ya ɗora hannuwansa biyu a kan mutum ba tare da ya ce uffan ba, firistocin da ke wurin su bi layi su ma su ɗora, sannan a yi addu'ar keɓewa. Tun zamanin manzanni ake wannan ɗora hannu, kamar yadda aka yi wa su Istifanus su bakwai a Urushalima, kuma a 1947 Paparoma Pius na 12 ya fayyace cewa shi da addu'ar nan su ne ainihin naɗin. Sa riga, da shafa man krisma a tafin hannu, da miƙa ƙoƙo da faranti duk daga baya suke zuwa. Ikilisiya na koyar da cewa alamar da aka sa maka a ranar ba ta gogewa, ba a kuma maimaita ta. Shi ya sa ba a gaggawa.

Dokar Ikilisiya ba ta yarda a naɗa firist ba sai ya cika shekara 25, kuma sai ya yi aƙalla wata shida yana dikon. A matakin dikon ake ɗaukar alkawarin rashin aure da na addu'o'in kowace rana. Kafin nan akwai shekarar horon ruhaniya, da falsafa, da tauhidi, da zaman koyon aiki a faris, abin da bai cika gaza shekara takwas ba, ko a St. Augustine na Jos kake ko a Good Shepherd na Kaduna. Sa'anninka za su yi aure, 'ya'yansu su shiga firamare, kai kana jiran rahoton rektan seminari.

Kan biyayya nake so in daɗe, domin a nan na ga samari sun fi shan wuya, fiye ma da batun aure. Kana da digiri, bakinka ya iya wa'azi, sai takarda ta zo an tura ka faris mai ƙananan coci-coci goma sha, babu wuta, hanya sai babur, da damina kuwa sai ka tuɓe takalmi ka tsallake rafi. Baikon Lahadi rabinsa dawa ce da ƙwai. Tsakar dare a buga maka ƙofa wani na bakin mutuwa, ka ɗauki man shafe marasa lafiya da tocila ka bi mutumin da ba ka sani ba. Mai gari zai faɗa maka zunubinsa a wurin ikirari, gobe ku zauna taron sulhu tare, fuskarka ba ta isa ta nuna komai ba, domin firist ɗin da ya tona wannan asiri ya fitar da kansa daga tarayyar Ikilisiya nan take. Lokacin da ka saba da mutane, ka gama rufin coci, sai a ɗauke ka a kai wani.

Ba zan ɓoye muku halin ƙasarmu ba. A watan Janairun 2020 'yan bindiga suka shiga seminarin Good Shepherd suka sace ɗalibai huɗu. Uku sun dawo, Michael Nnadi na diyosis ɗin Sakkwato, ɗan shekara 18, gawarsa aka samu. A Janairun 2023 aka ƙone Fada Isaac Achi a gidansa a Kafin Koro, jihar Neja. Allah ya ba su hutawa. A ƙarshen shekarar ta 2023 kuma aka kafa diyosis ɗin Katsina, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa ya riƙe ta. Aiki na ƙaruwa, ana neman masu wa'azi da Hausar da tsohuwa a ƙauyen Malumfashi za ta gane, amma wanda zai zo ya zo idonsa a buɗe.

Ku ma iyaye ina da 'yar magana da ku, tunda na san kuna leƙen abin da ake rubuta wa yara. Kada a fara kiran uwa Maman Fada tun yaro na shekarar farko. Wannan suna ya ɗaure samari da dama, suna son fita suna jin kunyar gida. Kuma Fada ba shi ne zai biya kuɗin makarantar dukan dangi ba.

Kai kuma ɗana, in ka shiga, ka riƙe mai ba ka shawara ta ruhaniya, ka gaya masa gaskiya, har maganar yarinyar da ke zuwa maka a rai. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwon ne zai tona shi. In shekaru suka nuna maka hanyarka ta aure ce, ka je ka sami rekta da ƙafarka tun ba a kai ga dikon ba. Don wannan tantancewar aka gina seminari, kuma cikin katikis da malaman makarantunmu na kirki akwai da yawa da ta can suka biyo. In kuwa zuciyarka ta tsaya kan shiga, to ka fara zuwa Mas na safiyar ranakun aiki, ka roƙi Fadan faris ɗinku ya riƙa tafiya da kai ƙauyuka da wurin marasa lafiya har damina ta wuce, sannan ka rubuta takardar neman shiga seminari.