Dattawa da Neman Ilmi

Sau da yawa a kan ji malaman hakimai suna cewa dattawa ba su son shiga ajin yaƙi da jahilci. Ba haka abin ya ke ba. Dattijo ya san gemu ba ya hana ilmi. Abin da ya ke gudu shi ne a zaunar da shi cikin samari, baƙi guda ya kuɓuce masa, sa'an jikansa ya yi masa dariya. Takardar shaida kuwa ba ta dame shi ba. Muradinsa ya karanta wasiƙar ɗansa da kansa, kada wani ya ji asirin gidansa, ya kuma duba rasidi ya san abin da ya biya.

Ba yau aka fara dogara ga tsofaffi ba wajen ilmi. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, dattawan mata ta riƙa naɗawa jaji, ta ba su malafa, su kai karatu ƙauyuka.

Saboda haka ana roƙon hakimai su ware wa dattawa ajinsu dabam a zauren mai unguwa, bayan la'asar. Wanda ya iya ajami kuma, kada malami ya rubuta shi cikin jahilai.